Ciwon Nono Ga Mai Jegon Fari Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

Akwai wata wahala cikin gidajenmu wadda ba a kawo zancenta zaure, ko a ɗakin mata ma sai an yi ƙasa da murya kafin a ambace ta. Ita ce azabar da yarinya mai haihuwar fari takan sha sa'ad da ta fara ba jaririnta nono. Na ga ya kamata a yi bayaninta a fili, domin da yawa daga masu karanta wannan shafi maza ne, su ne mazajen waɗannan yara, su ne iyayensu da yayyensu, kuma a hannunsu kuɗin mota da iznin fita suke. Zan kafa misali da ƙasar Gwaram ta Jihar Jigawa, musamman Basirka da ƙauyukan da ke kewaye da ita can kusa da iyakar Jihar Bauchi, amma maganar ta shafi kowane gari na ƙasar Hausa.

Ga gindin maganar tun da fari. Ɗan zafi-zafi a kan nono cikin kwanakin farko, wanda yakan zo sa'ad da yaro ya kama, ya wuce nan da nan, wannan mata da yawa sukan ji shi, kuma yakan tafi da kansa. Amma zafin da ke sa mace ta ciji leɓe tun daga farkon shan nono har ƙarshensa, ko kan nono ya tsage har ya yi jini, wannan alama ce ta cewa akwai abin da ya karkace. Galibi kuwa abin nan yana gyaruwa cikin 'yan kwanaki, ba tare da an kashe ko kwabo ba, in dai an sami wanda ya san gyaran, kuma yarinyar ta sami bakin faɗa.

ABIN DA KE HANA TA MAGANA

A Basirka da Fagam da Farin Dutse, kamar sauran ƙasashenmu, al'ada ce yarinya ta tafi gidan iyayenta wankan haihuwar fari, ta zauna kwana 40 ko fiye a hannun uwarta ko kakarta ko wata goggonta. Al'ada ce mai kyau, gama tana samun hutu da abinci da mai kula da ita. Sai dai akwai abubuwa biyu da ke rufe mata baki. Na ɗaya kunyar ɗan fari, wadda ke hana ta nuna ta damu da yaron, balle ta tsaya tana duban yadda ya kama nono a gaban manya. Na biyu dauriya, domin tun tana ƙarama take jin ana yabon wance da ta haihu ba a ji ko tarinta ba. To, wadda ta daure naƙuda, da wane baki za ta ce nono yana mata zafi?

Saboda haka sai ta yi shiru, amma jiki ba ya shiru. Tana jin yaro ya motsa sai gabanta ya faɗi. Sai ta riƙa jinkirta ba shi, in ta ba shi kuma ta janye tun bai ƙoshi ba. Yaro ya yi ta kuka dare da rana. Daga nan tsofaffi su yanke hukunci, su ce nonon bai isa ba, ko kuwa su ce ba shi da kyau. A wasu gidaje har akan tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon mugu ne, alhali kuwa tururuwa tana iya nutsewa cikin kowane irin ruwa. Sai a ɗauko ruwa da madarar shanu ko ta akuya, ko a sayo ta gwangwani a dama da ruwan rijiya a zuba a bulumboti. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi, watau gudawa da rama, har ya kai ga tamowa. Ciwon da ya faro daga ɗan tsagi wanda bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ga shi ya zama sanadin rai.

Ba ƙaramar hasara ake yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun yi shawara a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwarsa, a ba shi nono zalla, ba ko ruwa, har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Shekara biyun nan ba baƙuwa ba ce gare mu, gama an ambace ta cikin Suratul Baƙara, aya ta 233. Amma binciken lafiyar jama'a na Nijeriya ya nuna a 2013 kashi 17 cikin 100 kaɗai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, a 2018 suka kai kashi 29. Mujallar likitoci ta Ingila mai suna The Lancet kuma ta ƙiyasta a 2016 cewa da shayarwa ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara wajen 823,000 kowace shekara. Ba duka ciwon nono ya jawo wannan giɓi ba, amma yana cikin dalilan da ke sa uwa ta saki nono tun lokaci bai yi ba, kuma yana cikin mafiya sauƙin magani.

INDA CIWON KE FITOWA

Mutane da yawa suna zaton yaro kan nono yake tsotsa. Ba haka ba ne. Wanda ya kama daidai yakan cika bakinsa da nono, har kan nonon ya wuce can ciki wajen ganɗa mai taushi, inda babu abin da zai goge shi, harshe kuma yana matso ruwan daga ƙasa. In kuwa kan nonon kaɗai ya kama, to, zai riƙa murza shi tsakanin dasashi da ganɗa mai tauri, sau 8 ko 12 kowace rana. Ko fatar tafin hannu aka yi wa haka sai ta saluɓe. Ga shi kuma nonon ba ya fita sosai, watau uwa na shan azaba, ɗa na kwana da yunwa.

Ma'aikatan lafiya suna da alamu huɗu da suke dubawa, kowace tsohuwa kuwa tana iya koyonsu a zama ɗaya. Bakin yaro ya buɗe sosai kamar mai hamma. Leɓensa na ƙasa ya juyo waje. Haɓarsa ta taɓa nono. Baƙin nan da ke kewaye da kan nono kuma a fi ganinsa ta saman bakin yaro bisa ga ta ƙasa. In waɗannan sun cika za a ga yana ja a hankali, yana tsayawa, ana jin haɗiyarsa, kumatunsa a cike ba su lotsa ba.

Kamu mai kyau kuwa daga riƙo yake farawa. Yarinya ta zauna ta jingina bayanta, ta juyo da yaron gaba ɗaya cikinsa ya manne da nata, kansa da jikinsa su miƙe a layi guda, kada wuya ya murɗe. Ta tallafe shi duka, ba kai kaɗai ba. Ta sa hancinsa daidai kan nono, ta taɓa leɓensa da shi, ta dakata sai ya wage baki, sa'an nan ta jawo shi da sauri zuwa gare ta. Yaro ake kawowa wurin nono, ba uwa ke sunkuyawa ta kai masa ba. In ta ji zafi bai wuce ba, kada ta fizge. Ta sa ɗan yatsanta mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, a sake kamu. Ko sau nawa za a sake ba laifi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda zama ke yi wa wuya saboda ɗinki tana iya kwanciya a gefe, ta kwantar da shi yana fuskantarta.

In kan nono ya riga ya tsage, gyaran kamu shi ne babban magani. Ta fara ba shi wanda ya fi sauƙi, gama da yunwar farko yaro ya fi ja da ƙarfi. In ya gama ta shafa ɗigon nononta a wurin, ta bari ya sha iska. Kada a wanke da sabulu ko a goge da soso, kada kuma a shafa toka ko garin magani ko wani man da ba a san asalinsa ba, domin duk abin da aka shafa bakin yaro zai shiga. In zafin ya kai ba ta iya jurewa, ta tatsa da hannu a kofi mai tsabta a ba shi da kofin ko da cokali kwana ɗaya ko biyu. A riƙa ba shi da ɗuminsa, gama tatsattsen nono ba ya son ya wuce kamar sa'a 4 a ɗaki, da bazara ma bai kai haka ba.

Wani lokaci an gyara riƙo amma ciwo bai tafi ba. Nan sai a duba bakin yaron. Akwai mai linzami, wanda zaren ƙarƙashin harshensa ya yi gajere har harshen ba ya miƙowa. Akwai kuma wanda za a ga fari-fari a harshensa da cikin kumatunsa kamar gutsattsarin kindirmo, an goge bai fita ba. Duka biyu a kai asibiti a duba. Kada a miƙa bakin jariri ga aska a gida, gama jinin da ke jikinsa kaɗan ne, kuma ƙarfen da ba a dafa ba yana ɗauke da cuta.

RANAR DA NONO YA KAWO

Kwana biyu ko uku na farko dakashi ne ke fitowa, mai kauri, rawaya-rawaya, ɗan kaɗan. Waɗansu sukan matse shi su zubar wai ƙazanta ne, su hana yaro nono sai fari ya zo. Wannan kuskure ne mai hasara biyu. Dakashi shi ne rigakafin farko na jariri, cike yake da abubuwan da ke tsare hanjinsa daga cuta, kuma cikinsa a ranar farko bai fi ɗaukar cokalin shayi guda ko biyu a sha ɗaya ba, saboda haka kaɗan ɗin nan ya ishe shi. Hasara ta biyu a jikin uwa take. Wadda aka hana ta shayarwa kwana uku, ranar da nono ya kawo sai ya taru ya cika tim, ya yi tauri kamar dutse, fata tana ƙyalli, kan nonon ya shafe har yaro ya rasa inda zai kama. In ya kama da ƙyar kuma, ɗan bakin kaɗai zai cafka, ga tsagewa ta samu.

Maganin wannan cikar shi ne a bar yaro ya sha duk sa'ad da ya nema, dare da rana. Kafin a ba shi, uwa ta danna kewayen kan nono da yatsu a hankali, ko ta tatse kaɗan don wurin ya yi laushi. Bayan ya sha a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi a ɗora. Galibi cikin kwana ɗaya ko biyu sai ya sauka.

Akwai kuma murɗar mara da mai jego kan ji sa'ad da yaro ke tsotso a kwanakin farko. Kada wannan ya tsorata kowa. Tsotson ne ke sa mahaifa ta tsuke ta koma mazauninta, tsukewar nan kuwa ita ke rage zubar jini.

IN ZAZZAƁI YA SHIGO

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nonon da ya kumbura, ga kuma tsagi a kansa, ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Alamar ita ce wani sashe na nono ɗaya ya yi tauri, ya yi zafi rau, ba ya taɓuwa, mace ta ji sanyi da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi. A jikin baƙar fata ba lalle a ga ja ba, saboda haka da hannu ake ganewa. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2000 ya nuna yawancin wannan ciwo cikin mako 12 na farko yake zuwa, ya fi yawa kuma a mako na 2 da na 3, watau daidai lokacin da yarinya ke tsakiyar wanka a gidan iyayenta.

Nan ne aka fi yin kuskure. Sai a ce nonon ya lalace, a hana yaro wannan gefen, ko kuwa a kama shi a yi ta murza da ƙarfi ana gasawa da tafasasshen ruwa. A da ko ma'aikatan asibiti sukan yi umurni da matsa mai ƙarfi, amma a 2022 wata ƙungiyar likitoci masu nazarin shayarwa mai cibiya a Amurka ta sake shawara, ta ce murza mai ƙarfi ƙara kumburi take yi, tana ƙuje naman ciki. Abin da ake so shi ne yaro ya ci gaba da sha kamar kullum har a gefen mai ciwon, gama nonon ba zai cuce shi ba. A ɗora sanyi, a shafa sama-sama zuwa wajen hammata, mace ta kwanta ta huta, ta sha ruwa. Farasitamol da ibuprofen ba su hana shayarwa, in ma'aikacin lafiya ya ba da su bisa ƙa'ida. Wadda ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ita kam hukuncinta dabam ne, ta nemi shawarar asibiti tun ranar da ta ga tsagi ko kumburi.

In an kwana an wuni ba sauƙi, ko zazzaɓin ya yi tsanani tun farko, to, zaman gida ya ƙare. A tafi asibiti mafi kusa, domin watakila sai an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda akan sha kwana 10 zuwa 14, kuma tilas a shanye shi ko an ji sauƙi. Kada a tsaya sayen ƙwaya biyu-uku a kemis. Wani dalilin zuwa kuma shi ne ba kowane zazzaɓin mai jego ne na nono ba, yana iya zama na cizon sauro ko na mahaifa, sai an gwada ake rarrabewa. In aka yi sakaci wurin yakan tara mugunya ya zama ƙurji, sai an zuƙe da allura ko an tsaga. Irin wannan aiki daga Basirka sai a dangana da Gwaram, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ga kuɗin mota, ga na magani, ga jinya a bar gona. Kullutun da ya yi makonni bai baje ba kuwa, ko ba ya ciwo, lalle likita ya gan shi.

WANKA DA KUNUN KANWA

Ba nufina in rushe wankan jego ba, amma a sassauta zafin ruwan, kada kuma a fyaɗa ganye a nonon da ke da rauni. Kunun kanwa ma ana ba da shi wai don ya kawo nono, alhali abin da ke kawo nono shi ne tsotso. Gwargwadon yadda yaro ya sha, gwargwadon yadda jiki ke sake yin wani. Tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi bincike a asibitin koyarwa na Zariya, suka danganta yawan ciwon zuciya na masu jego da yawan shan kanwa da kwanciya bisa gadon wuta. A ba mai jego tuwo da miyar ganye da wake da gyaɗa da nono da nama in ya samu, da ruwan sha isasshe. Shi kuwa jariri ba ya bukatar ruwa ko da bazara, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Mai shakkar ko yana ƙoshi ya lura da fitsarinsa. In bayan kwana 5 yana yi kamar sau 6 a yini da kwana, kuma ya mai da nauyinsa na haihuwa wajen mako 2, nono ya isa.

AIKIN DA KE KANMU

Tun da kunya ta hana yarinya faɗa, sai a sauƙaƙe mata, a riƙa tambayarta. Uwa ko kaka ta keɓe da ita tun ranar farko ta ce, "'Yar nan, in ya kama kina jin zafi? Kawo in ga yadda yake sha." Wannan tambaya kaɗai ta isa ta hana rabin wahalar da na lissafa. Miji kuma, ko da kunyar surukai ta hana shi shiga, yana da ƙanwa ko yaya da zai aika ta gano masa, ya kuma bar sallahu tun da wuri, ya ce, "Inna, in kun ga zazzaɓi kada ku jira ni, ku kai ta asibiti, ga kuɗin mota." Sau da yawa ba rashin magani ke ɓata al'amari ba, jiran izni ne.

Ma'aikatan asibiti su ma akwai nasu. Kada a sallami mai haihuwar fari sai ungozoma ta zauna ta ga yaro ya sha a gabanta. Wannan yana cikin manufar shirin asibitoci masu kula da shayarwa wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ɗaliban makarantar koyon jinya ta Birnin Kudu su riƙe wannan da kyau, gama su za a tura ƙauyuka gobe. Tun da yake kuma mata da yawa a gida suke haihuwa, ungozomomin gargajiya su ya fi kamata a fara koya wa alamun nan huɗu, kuma a ranar awo a gayyato tsohuwar da za ta yi wa yarinya wanka ta ji da kunnenta.

Mu ma'aikatan ilmi ba mu kuɓuta ba. Muna koya wa ɗalibai sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, amma yarinya takan gama makaranta ba ta taɓa jin yadda jariri ke kama nono ba. A makarantun horon malamai mun san abin da aka nuna ya fi abin da aka faɗa zama a ƙwaƙwalwa, wannan darasi kuwa ba ya bukatar kome sai 'yar tsana da malama mai haƙuri. Ya kamata ya shiga azuzuwan yaƙi da jahilci na mata, da Islamiyyun matan aure, da darasin kula da gida na manyan 'yan mata. Makon shayarwa na duniya, wanda ake yi daga 1 zuwa 7 ga Agusta kowace shekara, lokaci ne da hakimai da dagatai da limamai za su iya tara jama'a a yi wannan bayani.

Jama'a, dauriya halin kirki ce, amma a ajiye ta ga abin da ba shi da magani. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na cikin gida. Allah ya ba masu jego lafiya, ya raya mana abin da suka haifa, amin.